Biranen mafaka: Hukuncin wanda ya kashe rai bisa kuskure a shari'ar Yahudawa

Mutum biyu ne suka shiga daji saran itace. Maƙwabta ne, babu gaba ko ƴar tsama tsakaninsu. Ɗaya ya ɗaga gatari ya kai wa itace sara, sai ƙarfen ya fice daga ƙota, ya tashi ya sauka a kan ɗayan. Nan take rai ya yi halinsa.

Mai gatari yana tsaye da ƙota a hannu. Bai yi nufin kisa ba, amma ga gawa kwance, kuma hannunsa ne sanadi. A cikin gari mamacin yana da ƙane, yana da ɗa, waɗanda idan labari ya kai musu ba za su tsaya tambayar yadda aka yi ƙarfe ya rabu da ƙota ba. Ina wannan mutum zai sa kansa?

Wannan misali yana cikin Attaurar da ke hannun Yahudawa, a littafi na biyar, kuma a kansa aka gina wani babi na shari'arsu da malamansu suka shafe ɗaruruwan shekaru suna tattaunawa, wato babin biranen mafaka. A taƙaice, dokar ta ce a ware birane 6 waɗanda duk wanda ya kashe rai ba da gangan ba zai ruga cikinsu. Muddin yana ciki babu mai taɓa shi. Sai dai kuma ba zai fita ba, ko da taku ɗaya ne, sai ranar da babban limamin Haikali ya mutu. Haikali shi ne babban ɗakin ibadar Yahudawa da ke birnin Ƙudus a wancan zamani, shugabansa kuma ana kiransa Kohen Gadol da Ibrananci.

Dokar ke nan tana yin aiki biyu lokaci guda. Tana tsare ran mutumin daga dangin mamaci, tana kuma raba shi da gidansa da gonarsa da garinsu na tsawon lokacin da shi kansa bai san iyakarsa ba.

Birane shida da hanyoyinsu

Bisa ruwayar littattafansu, Annabi Musa (AS) ne ya ware uku na farko a gabashin Kogin Urdun: Bezer, da Ramot ta ƙasar Gileyad, da Golan ta ƙasar Bashan. Bayan rasuwarsa, a zamanin Yusha'u, aka ware sauran ukun a yammacin kogin: Kedesh a arewa, Shekem a tsakiya, da Hebron a kudu. Wasu daga cikin sunayen nan masu sauraren labaran duniya sun saba jinsu. Hebron ita ce garin da Larabawa ke kira Al-Khalil, kufan Shekem yana dab da birnin Nablus, Tuddan Golan kuma daga wancan tsohon gari suka samo suna.

Dukkansu garuruwan Lawiyawa ne, wato ƙabilar da aka keɓe don hidimar ibada kuma ba a ba ta yanki nata a rabon ƙasa ba. An ba su garuruwa 48, shida daga ciki su ne na mafaka. Daga baya malaman Talmud suka ce sauran 42 ɗin ma suna ba da kariya, amma da bambanci. Birane shida suna kare mutum ko ya san inda ya shiga ko bai sani ba, sauran kuwa sai ya shiga da niyyar neman mafaka.

Akwai tambayar da ɗalibansu suka yi wadda duk mai lissafi zai yi. Ƙabila biyu da rabi ne kawai ke zaune a gabashin kogin, tara da rabi a yamma, to don me aka raba biranen uku-uku? Abaye, wani malami na ƙarni na 4 a ƙasar da ake kira Iraƙi a yau, ya ba da amsa ba tare da kwana-kwana ba: a Gileyad kisan kai ya fi yawa.

Wanda zai ɗauki fansa kuwa dokar ta san da shi, har ta ba shi suna, go'el hadam, ma'ana mai fansar jini. Shi ne makusancin mamaci. Dokar ba ta yi kamar babu shi ba, ba ta kuma ce zuciyarsa ba za ta tafasa ba. Abin da ta yi shi ne ta yi ƙoƙarin ganin mai gudu ya riga shi isa. Duk wanda ya taɓa ganin haɗarin mota a bakin kasuwa, ya ga yadda direba ke barin mota ya nufi ofishin jandarma kafin jama'a su taru, ya san darajar wannan ɗan lokaci na farko.

Saboda haka ne maganar hanya ta ɗauki wuri babba. Malamansu sun ce faɗin hanyar jama'a kamu 16 ne, amma hanyar birnin mafaka kamu 32, kusan mita 15 ke nan. Dole a share ta, a cike kwari, a baje tudu, a yi gada a kan kowane rafi. A kowace mararraba a kafa alama da aka rubuta kalmar miklat, wato mafaka, har sau biyu, don kada mai gudu ya tsaya tambayar hanya. Wanda ya tsaya tambaya sai ya faɗi dalilinsa, kuma wa ya sani ko wanda ya tambaya ɗan'uwan mamacin ne? Kowace shekara, ranar 15 ga watan Adar na kalandarsu, wanda ke zuwa a ƙarshen lokacin sanyi da ruwan sama, ana tura ma'aikata su duba hanyoyin su gyara.

Musa bin Maimun, wanda Turawa ke kira Maimonides, ya ƙara tsaurara wannan magana. Malami ne kuma likita, an haife shi a Kurɗuba ta ƙasar Andalus, ya rasu a Masar a 1204, kuma littafinsa Mishneh Torah yana daga cikin manyan littattafan fiƙihun Yahudawa. Ya rubuta cewa hukumar da ta yi sakaci da gyaran hanyar, ana lissafa ta kamar ita ta zubar da jinin. Idan mai gudu ya mutu saboda gada ta karye ba a gyara ba, alhakin yana wuyan waɗanda aka ɗora wa gyaran.

Kuskure ma iri-iri ne

Isa birni ba shi ne ƙarshen magana ba. Mutumin zai tsaya a ƙofar gari ya faɗa wa dattawa abin da ya faru, su shigar da shi su ba shi masauki. Daga nan kotun garin da abin ya faru za ta aika a kawo shi. Shari'ar rai alƙalai 23 ne ke zama a kanta. Idan ta tabbata kisan ganganci ne, da shaidu biyu da sauran sharuɗɗa, sai a zartar masa da hukuncin kisa, birnin ba zai amfane shi da komai ba. Idan ta tabbata babu laifinsa sam, a sallame shi ya koma gida. Idan kuwa kuskure ne irin wanda dokar ke nufi, sai a mayar da shi birnin mafaka tare da malamai biyu ƴan rakiya. Su ba ƴan sanda ba ne, ba su riƙe da makami. Aikinsu shi ne idan sun haɗu da mai fansar jini a hanya su yi masa magana, su tuna masa cewa abin nan tsautsayi ne.

A nan ne malaman suka fi daɗewa, domin kalmar kuskure tana da faɗi. Littafin Mishna, wanda aka tattara wajajen shekara ta 200 Miladiyya a ƙarƙashin Rabbi Yehuda HaNasi, ya ware babi na biyu na sashen Makkot ga wannan batu, kuma ya fara da wata ƙa'ida mai ban mamaki. Mutumin da ke saukowa daga tsani ya faɗo kan wani ya kashe shi, zai tafi birnin mafaka. Wanda ke hawa tsanin ya faɗo, ba zai tafi ba. Wanda ke sauko da tulu daga soro da igiya ya suɓuce masa, zai tafi. Wanda ke jan tulun sama igiya ta tsinke, ba zai tafi ba.

Da farko mutum zai ce ai mamacin dai ya mutu, ina ruwan iyalinsa da hawa ko sauka? Asalin ƙa'idar daga lafazin ayar ne, wadda ta yi maganar abin da ya faɗo. Amma Ibn Maimun ya kawo dalili na hankali. Ya ce kowa ya san abu mai nauyi ƙasa yake nufa, kuma yawancin ɓarna wajen saukewa take faruwa, saboda haka mai saukewa ya kamata ya lura da abin da ke ƙasansa. Tsinkewar igiya wajen ja sama kuwa abu ne da ba a saba gani ba. Ke nan zaman birnin mafaka hukuncin wanda yake da ɗan rabo ne a cikin laifin, wanda da ya ƙara kula kaɗan da abin bai faru ba.

Daga nan Ibn Maimun ya kasa masu kisan da ba na ganganci ba gida uku. Na tsakiya shi ne wanda muka bayyana, shi ke tafiya birnin mafaka. Akwai wanda abin ya fi ƙarfinsa, wato ya faru ta hanyar da ba mai tsammani. Misali, mutum ya jefa dutse inda babu kowa, bayan dutsen ya bar hannunsa wani ya leƙo da kai ta taga ya same shi. Wannan babu komai a kansa, kuma idan dangin mamaci suka kashe shi, su ma za a kashe su.

Na ukun shi ne ya fi shiga uku. Shi ne wanda kuskurensa ya yi kusa da ganganci: ya jefa dutse cikin hanyar da jama'a ke wucewa, ko ya rushe katangarsa ta faɗa kan titi bai duba ba. Kotu ba za ta kashe shi ba tunda bai yi niyya ba, birnin mafaka kuma ba zai karɓe shi ba, domin laifinsa ya fi ƙarfin abin da zaman birnin zai kankare. Idan mai fansar jini ya same shi ko'ina ya kashe shi, ba za a hukunta shi ba. Sai ya ƙare rayuwarsa yana waige.

Haka ma maƙiyi. Idan an san akwai gaba tsakanin mutum biyu, ɗaya ya mutu a hannun ɗayan, ba a saurin yarda da maganar kuskure. Har ma'auni suka sa wa gabar: wanda ya yi kwana uku bai yi wa ɗan'uwansa magana ba saboda ƙiyayya, shi ne maƙiyi.

Ba kowane ra'ayi na wannan babi ne zai kwanta wa mai karatu na yau ba. Wani malami mai suna Abba Shaul ya cire uban da ya doki ɗansa don ladabtarwa, da malamin da ya doki almajirinsa, da ma'aikacin kotu mai yin bulala, ya ce idan rai ya fita a hannunsu ba za su tafi birnin mafaka ba, saboda aikin da aka ɗora musu suke yi, ba kamar mai saran itace da ya shiga daji don ra'ayin kansa ba. Hujjar tana da tsari a takarda. Amma yaron da ya mutu a ƙarƙashin bulala ya mutu, kuma a nan dokar da ta yi ta auna hawa da sauka ta sassauta inda ya fi dacewa ta tsaurara.

Sun kuma yi saɓani a kan makaho. Rabbi Yehuda ya ce ba ya tafiya, Rabbi Meir ya ce yana tafiya. Ko a kan gatarin da muka fara da shi ma sai da suka rabu biyu: shin ƙarfen ne ya fice daga ƙota, ko kuwa tsagin itacen da ake sara ne ya yi tsalle?

Zaman birni

Birnin mafaka ba gidan kaso ba ne. Babu ankwa, babu mai gadi a ƙofa. Mutum zai yi sana'arsa, ya shiga kasuwa, ya yi zamansa cikin jama'a. Talmud, babban sharhin Mishna da aka kammala a Iraƙi wajajen ƙarni na 6, ya bayyana irin garin da ya cancanta. Kada ya zama ƙauye, kada kuma ya zama ƙaton birni mai yawan baƙi inda mai fansar jini zai saje da jama'a. Dole ya kasance da ruwa, idan babu a jawo masa. Dole ya kasance da kasuwa da jama'a, idan mutanensa sun ragu a ƙaro wasu. Ba a kafa tarko a cikinsa, ba a tufka igiya, don kada a samu sana'ar da za ta riƙa jawo ƙafar mai neman fansa. Garin da mafi yawan mazaunansa masu kisa ne ba ya ba da mafaka, haka ma garin da ba shi da dattawa.

Dalilin duk wannan kalma ɗaya ce a cikin ayar, wadda ta ce mutumin ya gudu can domin ya rayu. Malaman suka ce rayuwa ba numfashi kaɗai ba ce. Idan ɗalibi ne aka tura, malaminsa zai bi shi can, domin a wurinsu mai neman ilimi da aka raba da karatu kamar matacce ne. Idan malamin ne ya yi kisan, makarantarsa gaba ɗaya za ta koma tare da shi. Idan mace ce, ciyar da ita yana nan a kan mijinta. A birane shida ɗin ba ya biyan kuɗin haya, a sauran 42 yana biya.

Amma ba a bar shi ya manta ba. Idan mutanen garin suka ga mutumin kirki ne suka so su girmama shi, wajibi ne ya buɗe baki ya gaya musu cewa shi mai kisa ne. Idan sun ji suka ce duk da haka sun yarda, to ya karɓa. Ba a yarda ya sake sabuwar rayuwa a kan ɓoye abin da ya faru ba.

Kariyar ta haɗa da filin da ke kewaye da garin har kamu 2,000, kimanin kilomita guda. Bayan wannan iyaka babu kariya. Sun tattauna har batun itacen da gindinsa ke cikin iyaka rassansa na waje. Idan ya fita da gangan, Rabbi Yose Bagalile ya ce wajibi ne a kan mai fansar jini ya kashe shi, Rabbi Akiba ya ce izini ne kawai ba wajibi ba, kuma ra'ayin Akiba ne aka bi. Ba zai fita ba da shaida ba, ko da shaidarsa za ta ceci rai. Ko da shi ne babban kwamandan yaƙi kuma al'umma na cikin tsananin buƙatarsa, yana nan. Idan ya mutu a can, a can za a binne shi.

Me ya haɗa shi da babban limami?

Wannan ita ce gaɓar da ta fi ɗaure kai. Wani zai shiga birnin yau, babban limami ya mutu gobe, ya koma gida jibi. Wani zai shiga yana saurayi a zamanin limami matashi mai ƙoshin lafiya, ya tsufa a can. Laifi iri ɗaya, wa'adi daban. Idan an yanke wa mutum hukunci, limamin ya mutu kafin ya kama hanya, ba zai tafi ba ma. Idan kuwa an yanke hukuncin a lokacin da kujerar ba kowa, ko kuma babban limamin ne aka kashe bisa kuskure, ko shi ne ya yi kisan, babu ranar fita har abada.

Malamansu sun ba da amsoshi daban-daban. Wata amsa ta ce limamin yana da nasa rabon alhaki, domin shi ne jagoran addu'ar al'umma, da ya roƙa musu rahama yadda ya kamata da irin wannan masifa ba ta auku a zamaninsa ba. Wata ta ce mutuwarsa ce kaffarar. Ibn Maimun kuwa, a littafinsa Dalalatul Ha'irin da ya rubuta da Larabci, ya duba abin ta fuskar halin ɗan Adam. Ya ce an nisanta mai kisan ne don kada dangin mamaci su riƙa ganinsa kullum zuciyarsu na tafasa. Ranar da mutumin da ya fi kowa daraja a ƙasa ya mutu, kowa na cikin makoki, mai jin zafin rashin ɗan'uwansa zai ga babu wanda mutuwa ta ƙyale, zuciyarsa ta yi sanyi.

Mishna ta kawo wani ɗan labari da ke nuna malaman sun san halin mutane. Tunda ƴancin mazauna biranen ya rataya a kan mutuwar mutum ɗaya, me zai hana su kwana suna roƙon Allah Ya ɗauke shi? Shi ya sa iyayen manyan limamai mata suke kai musu abinci da tufafi, don kada su yi wa ƴaƴansu mugun baki. Mace mafi girman matsayi a ƙasa ke nan take ɗaukar kaya zuwa wurin masu kisa saboda tsoron addu'arsu.

Idan ranar ta zo, mutumin zai koma garinsu kamar kowa, kuma wanda ya taɓa shi bayan nan za a kashe shi. Wanda ya riga limamin mutuwa, ana iya tono ƙasusuwansa a kai su maƙabartar kakanninsa. Sai dai an yi saɓani a kan muƙami. Rabbi Meir ya ce zai koma kan kujerar da yake kai a da, Rabbi Yehuda ya ce ba zai koma ba. Ibn Maimun ya bi Yehuda: an yafe masa, amma tunda wannan babban abu ya faru ta hannunsa, ba zai sake shugabanci ba har ƙarshen ransa.

Kuɗi ba sa fansa, bagade ba ya ɓoyewa

Mai karatu Musulmi zai riga ya fara kwatantawa da abin da ya sani. A Musulunci, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta sanya wa kisan kuskure diyya da ake miƙa wa iyalan mamaci sai fa idan sun yafe, tare da kaffarar ƴanta bawa mumini, ko azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu ba. Diyyar, wadda asalinta raƙuma 100 ne, dangin mai kisan ne ke haɗuwa su biya. Shari'ar Yahudawa ta bi wata hanya daban. Ta hana karɓar kuɗi daga mai kisan ganganci don ya tsira da ransa, ta kuma hana karɓar kuɗi daga mai kisan kuskure don ya bar birnin kafin lokaci. Attajiri da talaka wa'adinsu ɗaya. Illar hakan kuwa a fili take: matar mamaci da marayunsa ba sa samun komai a hannu. Inda shari'o'in biyu suka haɗu shi ne babu wadda ta ɗauki kalmar "ban yi niyya ba" a matsayin ƙarshen zance.

Kafin maganar birane ma akwai tsohuwar al'adar gudu zuwa bagaden hadaya, wato wurin da ake yanka da ƙona hadaya a ɗakin ibada. Attaura ta toshe wannan ƙofa ga mai kisan ganganci, ta ce ko a can yake a janye shi. Littafin Sarakuna na Yahudawa ya ba da labarin Yowab, kwamandan rundunar Annabi Dawud (AS), wanda ya kashe wasu kwamandoji biyu, Abner da Amasa, ta hanyar yaudara. Da ya ga ƙarshensa ya zo sai ya ruga ya kama bagaden ya ƙi saki, a nan aka kashe shi. Abner kuwa a ƙofar Hebron Yowab ya kashe shi, da sunan fansar jinin ƙanensa da Abner ya kashe a fagen yaƙi. Hebron, kamar yadda aka ambata, tana cikin birane shida.

Bayan babu birane, babu limami

Rumawa sun rushe Haikali a shekara ta 70 Miladiyya, daga nan muƙamin babban limami ya ƙare. Ke nan lokacin da aka tattara Mishna, shekara kusan 130 bayan haka, malaman suna tsara dokar da ba su da ikon zartarwa. A yau babu inda ake aiki da ita. Kalmar miklat dai tana nan a Ibranancin zamani, da ita ake kiran ɗakin ɓuya daga bamabamai, da ita kuma ake kiran mafakar siyasa.

Tunanin da ke cikin babin kuwa bai mutu ba. A sashen da Ibn Maimun ya yi bayanin mai kisa, a nan ya sa dokokin tsare rai: wajibcin yi wa rufin soro katanga don kada wani ya faɗo, da rufe rijiya ko kewaye ta. A wurinsa babi ɗaya ne.

Ya kuma samu masu karatu a inda ba a zata ba. Maryann Gray wata masaniyar halayyar jama'a ce a Amurka. A 1977, tana da shekara 22, tana tuƙi a jihar Ohio, wani yaro ɗan shekara 8 ya faɗo titi da gudu, ta buge shi ya mutu. Hukuma ba ta tuhume ta da komai ba. Ta yi shekaru masu yawa tana ɓoye abin a zuci, kafin ta fito ta kafa ƙungiyar Accidental Impacts domin mutanen da suka kashe ko suka raunata wani ba da niyya ba. Har zuwa rasuwarta a 2023 tana yawan ambaton biranen mafaka, domin a ganinta dokar zamani takan ce wa irinsu su tafi gida babu laifi, alhali su sun san akwai abin da ke wuyansu, kuma babu wanda ya nuna musu inda za su kai shi.

A cikin fiƙihun Yahudawa ma akwai ragowar hukuncin. Shulhan Aruk, littafin Yusuf Karo da aka fara bugawa a birnin Benis na Italiya a 1565, ya ce likitan da ke aiki da izini, idan majiyyaci ya mutu a hannunsa kuma ya gane kuskurensa ne, yana cikin waɗanda hukuncin gudun ya hau kansu. Ya kuma ce Kohen, wato ɗan zuriyar Annabi Haruna (AS), da ya kashe rai ko da bisa kuskure ne, ba zai ƙara ɗaga hannu ya sa wa jama'a albarka a majami'a ba. Musa Isserles na birnin Krakow a Poland, wanda Yahudawan Turai ke bin sharhinsa a kan littafin, ya sassauta ga wanda ya tuba.

Da mota ta zo, sai wannan tambaya ta dawo sabuwa. Ana tambayar malamansu a kan Kohen direba da ya buge mutum ya mutu, ko zai ci gaba da hawa gaban jama'a ranar idi. Su kuma sukan koma ga rabon nan uku na masu tsani da tulu. Sukan tambaya ko yana gudun da doka ta yarda, ko birkinsa lafiya lau yake, ko ya kauce wa ƙa'idar hanya, ko kuwa mutumin ne ya faɗo masa ta inda babu direban da zai iya tsayawa.